Haƙƙin yaro mai nauyin karatu a makarantar allo

Kowace shekara idan kaka ta wuce, aka kai gero rumbu, aka sayar da gyaɗa da wake, makarantun allo na ƙasar Sassumbrum sukan cika maƙil. Haka abin yake a sauran ƙauyukan gundumomin Magarya da Dungas. A zauren malam, ko gindin bishiya, ko rumfar kara a bakin gari, yara suna zaune kowa da allonsa, murya tana tashi tun asuba, da dare kuma a kewaye wuta a ci gaba da tilawa. Waɗansu malaman sukan ɗaure kaya su kwashi almajiransu su ƙetara iyaka zuwa Daura ko Kano, ba su komowa sai damina ta kusa. Waɗannan makarantu ba gwamnati ta gina su ba, ba ita take biyan malamansu ba. Suna tsaye ne da kuɗin Laraba, da sadakar jama'a, da gonar malam. Duk da haka, a ƙauyuka da yawa su ne makarantar farko da yaro yake shiga, wani ma ita ce kaɗai makarantar da zai sani a rayuwarsa.

A cikin kowace tsangaya akwai yaron da kowa ya sani. Tsararsa sun gama babbaƙu, sun wuce farfaru, suna biya allo ana wanke musu, shi kuwa allonsa yana nan da rubutun makon jiya. An koya masa harafi da safe, da la'asar ya ɓace masa. Yana kallon allo kamar yau ya fara ganinsa. Sunayen da ake kiransa da su sanannu ne: daƙiƙi, jaki, mai ƙwaƙwalwar kifi, kangararre. Wani a ce iska ce ta taɓa shi, wani a ce an yi masa asiri. Tambayar da ta kamata mahukunta da iyaye da malamai su tsaya a kanta ita ce, mene ne makarantar allo take yi wa wannan yaro, mene ne kuma ta kasa yi masa.

Da farko dai a san cewa nauyin karatu ba abu ɗaya ba ne. Akwai yaron da idonsa ne ba ya gani sosai, akwai wanda kunnensa ya yi nauyi, ba ya rarrabe abin da malam yake faɗa a cikin hayaniyar yara arba'in. Akwai wanda hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, ko da ya so. Akwai wanda fahimtarsa gaba ɗaya take tafiya a hankali tun haihuwa. Akwai kuma wanda idonsa lafiya, kunnensa lafiya, wayonsa a kasuwa da gona ya fi na tsararsa, amma haɗa harafi da sautinsa ya gagare shi. Wannan matsala ta ƙarshe likitoci sun daɗe da saninta. Wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata sunan disleksiya a 1887, a 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro mai shekara 14, mai kaifin hankali, wanda karatu ya gagara. Masana sun tabbatar matsalar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa sautin magana, tana bin jini a gidaje, kuma ana samun ta a kowane harshe da kowane irin rubutu. Mai fama da ita a makarantar allo yakan rikice tsakanin ba da ta da nun da ya, waɗanda jikinsu ɗaya a tsakiyar kalma, ɗigo ne kawai ya bambanta su. A lakol kuma b da d ne suke juya masa.

Ƙasar Magarya da Dungas tana da nata dalilan da suke ƙara yawan irin waɗannan yara. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yakan bar wa yaro tabo a ƙwaƙwalwa. Tamowa a shekarun farko na rayuwa tana rage ƙarfin koyo, kuma ba a ɓoye yake ba cewa tamowa da zazzaɓi su ne suka sa ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magarya tun 2005. Ga kuma sanƙarau. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da shi a jahar Damagaram, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu. Hukumar ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga irin wannan sanƙarau, 1 yakan rage da wata lahani mai daɗewa, kamar kurunta, ko farfaɗiya, ko raunin tunawa. Yaran da suka warke a wancan lokaci suna nan zaune a makarantun allo da azuzuwan lakol. Wanda kunnensa ya mutu rabi ba ya ɗauke da wata alama a goshi. Abin da malam yake gani kawai shi ne yaro da ake yi wa magana ba ya amsawa.

Gaskiya ce a faɗa cewa tsarin makarantar allo yana da abubuwan da yaro mai nauyin karatu yake bukata, waɗanda lakol ba ta da su. A makarantar allo babu aji. Kowane yaro da allonsa, da wurin da ya tsaya, ba a wanke masa sai ya iya, ba a kuma ja shi gaba don tsararsa sun wuce. Babu jarrabawar ƙarshen shekara da za a ce ya faɗi, babu takardar sakamako da za a karanta a gaban jama'a a ce shi ne na ƙarshe. Ba a korar yaro don ya yi shekara uku a izu ɗaya. Karatun yana shiga ta kunne da ido da baki da hannu gaba ɗaya: yaro yana jin malam, yana bin harafi da yatsa, yana maimaitawa da ƙarfi, daga baya ya riƙe alƙalami ya rubuta da kansa. An raɗa wa haruffa sunaye na Hausa, irin su ambaki da ba-guje da hakuri, don su zauna a kan yaro. Malam yana yi masa bayani da harshen da ya tashi da shi. Abin da masanan ilimi na duniya suke kira a yi wa yara masu nauyin karatu, wato a bi kowane yaro da saurinsa, a maimaita masa, a haɗa masa ji da gani da taɓawa, malaman allo sun gaje shi kaka da kakanni ba tare da sun je wata makarantar horo ba.

Sai dai riƙe yaro daban, koyar da shi daban. Makarantar allo tana riƙe yaro mai nauyin karatu, amma sau da yawa ba ta san abin da yake damunsa ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Idan malam ya ɗauka cewa duk yaron da bai iya ba lalaci ne ko taurin kai, maganin da zai ba shi bulala ce. Iyaye ma sukan ƙarfafa masa gwiwa da zancen nan da aka saba ji, wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Bulala tana iya tayar da malalaci. Ba ta buɗe kunnen da sanƙarau ya toshe, ba ta kuma tsayar da ɗigon da yake yi wa yaro yawo a kan allo. Abin da take haifarwa tsoro ne, tsoro kuwa yana kore ɗan abin da yaron ya riƙe. Daga nan sai ya fara ɓuya, ya fara gudu, a ce ga shi nan dama an faɗa kangararre ne.

Matsala ta biyu ta fi wuyar ganewa. Yaron da haruffa suka gagara, idan kunnensa mai kyau ne, yakan haddace abin da yake ji daga bakin na kusa da shi. Idan aka zo biyawa sai ya kawo karatun daga farko har ƙarshe, yatsansa yana tafiya a kan allo, malam ya ji daɗi ya ce a wanke. Alhali da za a nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar allon a ce ya karanta, ba zai iya ba. Haka zai yi shekaru, sai ranar da aka ce ya fara rubuta allonsa da kansa asirin ya tonu, a lokacin kuwa ya girma, kunya ta hana shi komawa babbaƙu tare da ƙananan yara. A makarantar da malam ɗaya yake da almajirai hamsin ko fiye, gardawa ne suke biya wa ƙanana, su ma yara ne, ba su da haƙurin tsayawa a kan mutum ɗaya.

Matsala ta uku ita ce tafiya. Uba yakan ga ɗansa ba ya gane karatu a gida, sai ya yanke shawarar nesa ce maganinsa, ya damƙa shi ga malamin da zai tafi ci-rani. Yaron da ya fi kowa bukatar idon uwarsa da tuwon gidansu, shi ake turawa birnin da bai sani ba, ya yi bara da ƙoƙo, ya zauna gaban allo da yunwa. Wanda fahimtarsa take tafiya a hankali shi ne yakan ɓace a tasha, shi manyan yara suke ƙwace wa abinci, shi mugaye suke yaudara. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai iyayen da suke kai ɗansu gidan mari. A watan Satumba 2019 ƴan sandan Najeriya sun fitar da ɗaruruwan mutane, manya da yara, daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka buɗe wani a Daura, wadda ba ta da nisa da iyakar ƙasar nan. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin arewacin Najeriya sun yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su garuruwansu. Duk uban da yake shirin tura yaro mai rauni ƙetare ya kamata ya tuna waɗannan shekaru.

Ita kuwa ƴa mace mai nauyin karatu, nata labarin gajere ne. Ba a tura ta ko'ina, ba a kuma daɗe ana wahala da ita. Da an ga allonta ba ya motsi sai a ce kanta ba na karatu ba ne, a ɗora mata faranti ta tafi talla, a jira miji. Ta shiga ɗakinta ba ta iya karanta ko sunanta ba, gobe ita za ta yi renon ƴaƴa.

A manyan garuruwa an sami ƙananan makarantun Islamiyya da madarasoshi masu zaman kansu, masu benci da babban allo da kuɗin wata. Sun kawo tsari da tsabta, sun kuma buɗe ƙofa ga ƴan mata da matan aure, wannan abin yabo ne. Amma wajen yaro mai nauyin karatu, da yawansu sun ɗauko aibin lakol sun bar alherin tsangaya. An koma aji ɗaya, darasi ɗaya, jarrabawa ɗaya, na ɗaya da na ƙarshe. Mai makaranta yana neman sunan makarantarsa ya fita wajen musabaƙa da walimar sauka, don haka hankalinsa yana kan yara masu kaifin hadda. Wanda yake baya yana biyan kuɗin wata kamar kowa, yana zaune a bencin ƙarshe, har ranar da ubansa zai gaji ya cire shi.

Kada wani ma'aikaci ya karanta wannan ya ce laifin na malaman addini ne kaɗai. Lakol ta gwamnati ba ta fi su ba a wannan fanni. Malamin lakol ɗaya a gaban aji cike da yara, da littafi ɗaya tsakanin yara da yawa, da tsarin karatun da dole ya gama kafin hutu, ba shi da lokacin yaro ɗaya. Sau da yawa yaron da lakol ta kasa shi ne ake mayarwa makarantar allo. Makarantun musamman da ƙasa take da su na makafi ne da kurame, suna manyan birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram, nesa da talakan Sassumbrum. Yaron da matsalarsa ba ta ganuwa da ido ba shi da inda za a kai shi. Saboda haka, ko an so ko an ƙi, malamin allo na ƙauye shi ne yake ɗauke da nauyin da hukuma ba ta ɗauka ba, kuma yana ɗauke da shi ba horo, ba albashi, ba mai leƙo shi.

A kan takarda kuwa ƙasar Nijar ba ta rasa dokoki ba. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a Say. A 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a wata makaranta a Damagaram. Dokar 1993 ta tsara kariyar naƙasassu. Doka mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, wadda ta tsara ilimi a ƙasa, ta ambaci makarantun addini a cikin ilimin da ba na aji ba, tare da yaƙi da jahilci, ta kuma ambaci ilimi na musamman domin naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce kada a ware yaro daga ilimi saboda lahaninsa. A 2019 aka sake yin wata doka kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran jama'a. A 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa yaro 1 cikin 10 a duniya yana da wata lahani. Idan aka auna da wannan ma'auni, babu tsangayar da za a ce ba ta da irin waɗannan yara. Doka dai ba ta da ƙafa, sai ma'aikaci ya ɗauke ta ya kai ta zauren malam.

Addini ma bai bar wannan magana a buɗe ba, malamai sun fi kowa sani. Surar Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman ilimi, daga baya ya zama ladani a Madina. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya nuna cewa mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wuya, ladansa biyu ne. Wanda addini ya ninka wa lada saboda wahalarsa, bai dace a ninka masa bulala saboda ita ba.

Abin da ya kamata a yi ba ya bukatar gini ko miliyoyi. Na farko, sufetocin ilimi da ma'aikatan yaƙi da jahilci na Magarya da Dungas, tare da sarakuna da limamai, su san yawan makarantun allo da suke ƙasarsu, su tara malamai kwana biyu ko uku kafin tafiyar rani, a yi musu bayani da Hausa a kan alamomin nauyin karatu. A je musu da girmamawa, a matsayin abokan aiki, don malamin da ya ji an zo raina shi ba zai sake buɗe zaurensa ba. Na biyu, ma'aikatan gidan likita, waɗanda dama suna zagaya ƙauyuka don allurar rigakafi da rabon maganin zazzaɓi na damina, su riƙa tsayawa a makarantun allo su duba ido da kunne, musamman na yaran da suka taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓi mai suma. Wani yaron tabarau kawai yake bukata, wani a wanke masa kunne, wani a zaunar da shi kusa da bakin malam.

Na uku yana hannun malam. Ya riƙa gwada almajiri ta hanyar nuna masa kalma a tsakiyar allo, don ya rarrabe mai karatu da mai bin baki. Wanda ya gane yana da nauyi, ya rage masa rubutu, ya ƙara masa girman harafi, ya sa shi ya zana harafin da yatsa a kan rairayi yana faɗar sunansa, kada ya haɗa masa haruffa masu kama da juna a rana ɗaya. Ya haɗa shi da gardi mai haƙuri, ya hana yara kiransa da sunan banza, ya ajiye bulala. Ba kowane almajiri ne zai sauke izu 60 ba, yatsun hannu ma ba su zama daidai ba. Yaron da ya sami Fatiha da surorin da zai yi salla, ya san tsarki da alwala, ya iya rubuta sunansa, aka kuma haɗa shi da ɗinki ko ƙira ko noman rani a korama, makarantar ta fita haƙƙinsa.

Na huɗu na iyaye ne. Yaro mai nauyin karatu a bar shi ya yi karatu a garinsu, ya kwana a ɗakin uwarsa. Uba ya riƙa leƙa makaranta yana tambayar inda allon ɗansa ya tsaya, kada ya jira sai shekara ta zagayo. Kafin a ce iska ce ko asiri, a fara kai shi gidan likita. Ƴa mace kuma a ba ta lokacin da ake ba ɗa namiji.

Akwai waɗanda suka fi kowa cancantar ɗaukar wannan magana su kai ta gida gida, su ne manyan da suka yi karatun yaƙi da jahilci. Tun da aka kafa wannan aiki a 1963, dubban manoma da matan aure sun zauna a gaban babban allo da furfura a kansu. Sun san zafin harafin da ya ƙi zama, sun san kunyar a tambayi mutum a gaban jama'a ya kasa. A cikinsu akwai waɗanda aka kira daƙiƙai suna yara, ga shi yau suna karanta jarida, suna rubuta lissafin ƙungiyarsu. Irin wannan mutum idan ya zauna da maƙwabcinsa ya ce masa ɗanka ba jaki ba ne, a bi shi a hankali, za a ji maganarsa fiye da ta baƙon da ya zo da mota daga birni. Ya kamata hukuma ta sa su cikin kwamitocin makarantu na ƙauyuka, ta ba su wannan aiki.

Ana auna makaranta da yawan mahaddatan da ta yaye, wannan daidai ne. A ƙara da wani ma'auni: yaron nan da allonsa ya daɗe ba a wanke ba, ina ya ƙare? Ranar da malamin Sassumbrum, da sufeton Magarya, da likitan Dungas, da uban yaron za su iya amsa wannan tambaya ba tare da sunkuyar da kai ba, ranar ce makarantar allo ta cika amanar da iyaye suka damƙa mata. Allah ya ba malamai haƙuri, ya ba mahukunta ikon sauke nauyin da yake kansu.